Kurakuran sababbin masu kiwon kifi game da ruwa garai-garai da baƙuwar kumba

Shekaru da dama ke nan ina kiwon karfasa da tarwaɗa a bayan garin Kumasi, kuma na gaji da ganin samarin zango masu shigowa wannan sana'a suna faɗawa ramin da na taɓa faɗawa. Babban kuskurensu shi ne ɗaukar ruwa garai-garai a matsayin alamar lafiya.

Da hannuna na yi wannan ɓarnar. Wani ya ba ni shawara in zuba kumba a kududdufin 'ya'yan karfasa, wai tana tace ruwa, na kuwa ɗebo bokiti biyu daga rafi na juye. Bayan 'yan makonni koren ruwan ya washe har ina hango laka a ƙasa, ina ta murna, ashe abincin kifin ne ya tafi. Da na jefa koma, sai na ciro 'ya'yan kifi masu manyan kawuna da lafaffen ciki, kuma kuɗin da na ranto na sayo su bai dawo ba a wannan shekarar. Wannan koren da ido yake ƙyama ƙananan tsirrai ne, ƙananan halittun ruwa suna cin su, 'ya'yan kifi kuma suna cin waɗannan halittun.

Abin da ya same ni a kududdufi guda ya sami manyan tabkunan Amurka da Kanada. A 1988 aka gano wata baƙuwar kumba mai zane irin na jakin dawa a Tabkin St. Clair. Asalinta yankin Tekun Kasbiya da Bahar Aswad ne, ta iso cikin ruwan da jiragen dakon kaya suke ɗiba domin daidaita nauyinsu. Kowace guda tana iya tace kusan lita 1 a rana, macenta kuma tana iya zuba ƙwai har miliyan 1 a shekara. Ruwa ya washe, amma wani ɗan ƙaramin ƙwaron ruwa mai kama da jatan lande mai suna Diporeia, wanda kifaye suka dogara da shi, ya kusan ɓacewa daga Tabkin Michigan, kifayen suka rame. A Tabkin Huron ƙananan kifayen da babban kifin da ake kira salmon yake ci sun durƙushe wajen 2003, shi ma ya bi bayansu.

Ni dai yanzu da hannu nake awo. Ina tsoma shi har gwiwar hannu; in har ina ganin tafina sarai, to ruwan na jin yunwa, sai in rataya buhun kashin kaji a kusurwa.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi, domin ganganci ne tsagwaronsa. Yaro zai aro koma daga wani wuri, ya sayi tsohon keji daga Tabkin Volta, ya tsunduma su a ruwansa suna ɗiga. 'Ya'yan baƙuwar kumba ba sa ganuwa da ido, manyan kuma suna yin kwanaki a raye cikin danshi, maƙale a jikin igiya ko kwalekwale. Ta wannan hanyar cuta take yawo ita ma, kuma masu keji a Volta ba su manta da mutuwar karfasa ta ƙarshen 2018 ba. Me zai hana ka shanya kayanka? A wurina kowace koma sai ta kwana bakwai a rana, ko da mai ita zai yi fushi.

Kada a juye ruwan da aka kawo 'ya'yan kifi a ciki. A tsame su, a zubar da shi a tudu. Kada a jefa ragowar kifin ado a rafi.

Wanda kuma zai kai ziyara Tabkin Bosomtwe da ke kusa da Kumasi, kada ya tafi da wani abu mai rai da niyyar sakinsa a can. Tabkin ba shi da kogin da ke fita daga cikinsa, kuma masuntan ƙauyukan da ke kewaye da shi, waɗanda suke kamun kifi a kan katako, da karfasar cikinsa suke ciyar da iyalansu.