Kurakuran da iyaye ke yi wajen rage zama a kan waya

Na gaji da jin magidanta a ƙauyenmu da ke gefen Ringim suna rantsuwa cewa daga yau sun daina latse-latsen waya, amma kafin kasuwar Gujungu ta zagayo ranar Lahadi sai ka tarar sun koma gidan jiya. Niyyarsu ba ta da aibi, hanyar ce suke kuskurewa, kuma ni ma na bi ta na ji a jikina.

Kuskuren da ya fi kowanne muni shi ne sayen datar dare da sunan tattali. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, mutane da yawa suka karkata ga garaɓasar da ake samu idan dare ya raba. Na yi wata biyu cur a kan wannan ɗabi'a lokacin noman rani, ina ganin na rage riƙe waya da rana, ashe lokacin barcina na yanka na ba ta. TikTok da Facebook an tsara su ne ta yadda bidiyo na ƙarewa wani zai maye gurbinsa, babu inda aka ajiye maka gaɓar tsayawa, kuma da dare babu aikin da zai janye ka. Wata rana na kwanta wajen ƙarfe uku, ɗana ɗan shekara huɗu kuwa yana fama da zazzaɓi. Sau uku mahaifiyarsa tana tashina ina cewa a bari gari ya waye, sai da yaron ya fara jijjiga na zabura na tada babur zuwa asibiti, idanuna na lumshewa a hanya. Allah Ya ba shi lafiya, amma har yau idan na tuna hasken wayar nan a ƙarƙashin gidan sauro sai gabana ya faɗi. Tun daga ranar, da na idar da sallar isha'i nake kai babbar wayata shagon caji ta kwana can, in bar ƙaramar mai madannai a ɗaki saboda kiran gaggawa.

Na biyu shi ne goge komai rana ɗaya cikin fushi. A WhatsApp muke jin farashin riɗi a Maigatari, nan ake sanar da rasuwa da ɗaurin aure, nan malamin Islamiyya ke aiko saƙo. Wanda ya goge shi ba ya kwana uku zai mayar, har da sauran tarkacen. Ni dai na fice daga zaurukan siyasa da na ƙwallo, na bar na dangi da na manoma, su ma na kashe musu ƙara (akwai zaɓin awa 8, mako 1 ko dindindin), sannan na hana bidiyo sauka da kansa.

Ke kuma uwa, da kai uba, ku ji tsoron Allah game da miƙa wa yaro waya don ya yi shiru! Ba ku rage komai ba, gadon cutar kuka ba shi tun bai iya wanke allonsa ba. Yaro ya zo da tambaya ka ce masa “ina zuwa” ba tare da ka ɗago kai ba, gobe kuma ka yi ƙorafin ba ya jin magana? Tsakanin magariba da isha'i nake zama a tabarma in biya wa nawa karatu, wayar tana cikin aljihun rigar da na rataye a ƙusa.

Ma'aunin lokaci na Digital Wellbeing da ke wayoyin Android, wanda ke rufe manhaja idan lokacin da ka ware mata ya ƙare, ba ya amfanar wanda zai cire shi da hannunsa idan ya cika. Kada kuma ka ɓoye wa matarka shirinka na rage waya, domin ita ce za ta fara ganin ranar da ka karya shi. Labaran duniya kuwa rediyo ya ishe ni, ina sauraro ina ba tumaki harawa.