Yadda Ake Karanta Alamomin Gudu a Jikin Katin Memori Kafin a Saya

Duk wanda ya taɓa ɗaukar kwalin memori a shagon waya ya san lambar da ke fara jan ido, wadda ake rubutawa da manyan baƙaƙe, kamar 100MB/s ko 170MB/s, wato megabayit 100 ko 170 a sakan guda. Galibi wannan lamba tana nuna iyakar saurin da za a iya kwashe kaya daga katin zuwa kwamfuta ne, ba saurin da yake karɓar abin da kyamara ke zuba masa ba. Idan kyamarar mai ɗaukar bidiyon biki ta tsaya cak ana tsaka da shigowar amarya, sau da yawa wannan gudu na biyu ne ya gaza, kuma bayaninsa yana cikin ƙananan alamomin da akasarin masu saye ba sa kulawa da su.

Mataki na farko shi ne ka san abin da na'urarka za ta iya ɗauka. Katin da aka rubuta wa SDHC yana tsayawa ne a gigabayit 32, shi kuwa SDXC yana farawa daga sama da haka har zuwa terabayit 2, kuma tsohuwar kyamara ko rediyon da SDHC kaɗai suka sani ba za su karanta SDXC ba, komai kyansa.

Mataki na biyu, wanda ya fi kowanne muhimmanci, shi ne karanta alamar gudun. Ƙungiyar SD Association, wadda kamfanonin Panasonic da SanDisk da Toshiba suka kafa a shekarar 2000, ita ke tsara waɗannan alamomi, kuma dukkansu alkawari ne na mafi ƙarancin saurin da katin ba zai sauka ƙasa da shi ba yayin adana kaya. Tsohuwar alamar ita ce lamba a cikin harafin C, wato 2 ko 4 ko 6 ko 10. Bayanta aka kawo harafin U mai 1 ko 3 a cikinsa, sannan harafin V mai 6 ko 10 ko 30 ko 60 ko 90 a gefensa. Kada yawansu ya rikita ka, domin C10 da U1 da V10 magana ɗaya suke yi, wato megabayit 10 a sakan guda, kamar yadda U3 da V30 suke nufin 30. A ganina, idan akwai V a jikin katin, shi kaɗai ya ishe ka dubawa, tunda lambarsa ita ce gudun kai tsaye.

Daga nan sai ɗan lissafi. Kyamarori suna bayyana nauyin bidiyonsu da megabit ne, shi kuma kati da megabayit, kuma bit 8 ne ke yin bayit ɗaya. Saboda haka idan kyamararka tana ɗaukar bidiyon 4K, wato mai matuƙar tsabtar hoto, a kan megabit 100 a sakan, ka raba da 8, za ka samu 12.5, wanda ya zarce ƙarfin V10 amma V30 zai ɗauke shi cikin sauƙi. Idan kuma megabit 400 ne, amsar 50 ce, don haka sai V60.

Bayan haka ka juya bayan katin. Katin da ke da alamar I a gabansa layi ɗaya na haƙoran ƙarfe yake da shi a baya, kuma iyakar gudunsa a ƙa'ida megabayit 104 ce a sakan, amma mai alamar II yana da layi biyu kuma yana iya kai wa 312. Matuƙar ramin na'urarka bai san layi na biyun ba, katin zai yi aiki da gudun na farko ne, ƙarin kuɗin da ka biya kuwa ya tafi a banza.

Mai sayen kati don wayar Android alamar A1 ko A2 ya kamata ya nema, domin su ne ke auna saurin buɗe ƙananan fayiloli barkatai irin na manhajoji. Na kyamarar tsaro ko ta gaban mota, wadda ke rubutu tana gogewa dare da rana, sai wanda aka rubuta wa High Endurance, wato mai juriya sosai.

Mataki na ƙarshe shi ne gwaji, kuma ina roƙon kada a tsallake shi, domin jabun kati yana ɗauke da dukkan waɗannan alamomi tsaf. Za ka ga ya nuna gigabayit 128 alhali cikinsa bai wuce 8 ba, yana ta karɓar hotuna kamar lafiya lau, sai ranar da ka je buɗe su ka tarar sun lalace. Tun ranar da ka saya, kafin ka ɗora masa komai, ka sa shi a kwamfuta ka gwada shi da manhajar H2testw, wadda kyauta ce, za ta cika shi maƙil sannan ta sake karantawa ta faɗa maka ainihin girmansa da gudunsa. Idan sakamakon ya saɓa da abin da ke jikin kwali, ka mayar wa mai shago da rasidinka a hannu. Idan ya dace, sai ka yi masa fomat a cikin na'urar da zai yi aiki a cikinta.