Kafin ka mayar da babban babur mai ƙafa uku

Duk mai niyyar mayar da Honda Gold Wing mai ƙafa uku domin doguwar tafiya, ya fara duba shekarar babur ɗinsa, saboda kayan da aka ƙera wa samfurin 2001 zuwa 2017 ba sa shiga wanda aka sauya wa fasali a 2018. Kamfanonin Amurka irin su Roadsmith da Motor Trike suna sayar da kayan, amma a ganina ya fi kyau a zaɓi wanda kowace tayar baya ke motsi ita kaɗai, domin idan ɗaya ta faɗa rami, fasinjan da ke baya ba zai ji jijjigar har cikin ƙugunsa ba.

Mai ƙafa uku ba ya kwantawa a kwana, saboda haka kansa yana yin nauyi a hannu, kuma ana rage wannan nauyi ne ta hanyar sauya kusurwar ƙafar gaba. Ka tabbatar an sa kuɗin wannan aiki cikin lissafi.

Shi kuwa bakanike, ka nemi ya nuna maka babur irin naka da ya taɓa haɗawa, ka hau ka gwada birkinsa, sannan a rubuta garanti a takarda kafin ka ba da kafin alƙalami.