Kurakuran da ɗalibai ke ta maimaitawa a lissafin leza da atam

Duk lokacin furojet sai ɗaliban fiziks na nan Sakkwato su kawo mini lissafin yadda leza mai tsananin ƙarfi ke fizge ilaktaron daga atam, kuma kurakuran ba sa canzawa. Bakina ya gaji, shi ya sa na rubuta.

Na farko gadon aji ɗaya ne. An koya muku bayanin Einstein na 1905, cewa in ƙwayar haske ba ta kai kuzarin da ke riƙe da ilaktaron ba, ba abin da zai fita. Haka ne ga hasken fitila. Amma ƙwayar hasken leza mai nanomita 800 kuzarinta eV 1.55 ne kacal (eV shi ne awon kuzari a ma'aunin atam), fizge ilaktaron daga atam ɗin iskar agon kuwa sai da eV 15.76, kuma ilaktaron ɗin na fita, domin atam ɗin yana haɗiye ƙwayoyi 11 a tashi ɗaya. Pierre Agostini ya nuna a 1979 cewa har ƙari yake haɗiya a kan abin da yake buƙata.

Wanda ya fi ɓata mini rai shi ne yadda kuke ɗaukar ma'aunin Keldysh, wato gamma, kamar iyakar gona. Kun haddace cewa in ya haura 1 ƙwayoyin haske ake haɗiya, in ya gaza 1 ilaktaron ratsa katangar kuzarin da ke tsare shi a cikin atam yake yi, shi ke nan. To ku zauna ku lissafa mana! A nanomita 800 da ƙarfin watt 10¹⁴ a kan santimita murabba'i, kuzarin girgizar ilaktaron, Up, kusan eV 6 ne. Ku raba 15.76 da ninki biyu na wannan, ku ɗauki tushen murabba'i, gamma ta agon za ta fito wajen 1.15. A nan tsakiyar ake yin yawancin gwaje-gwajen, inda hanyoyin biyu suka cakuɗe. Leonid Keldysh da kansa a 1964 bakin zaren biyu na abu guda ya nuna.

Daga nan ake faɗa wa ADK, dabarar Ammosov, Delone da Krainov ta 1986 ta lissafa saurin fitar ilaktaron. Kowa na sonta don layi ɗaya ce, kwamfuta ta gama ta kafin ka ajiye kofin shayi. Ni ma ta cinye mini watanni, ina zargin bayanan gwajin mutane alhali dabarar ce na kai inda ba gidanta ba. ADK ta ɗauka akwai katangar da za a ratsa. In ƙarfin leza ya danne katangar har ƙasa da matakin ilaktaron, me ya rage a ratsa? Ga haidirojin wannan na faruwa a wajen watt 1.4×10¹⁴ a kan santimita murabba'i, ga agon wajen 2.5×10¹⁴. Sama da haka ADK zuzuta adadin ilaktaron da ke fita take yi, in kuma gamma ta haura 1 sosai sai ta rage shi. Amma sai ka ga yaro ya ja zanensa har 10¹⁵ yana murmushi. Haba ɗan'uwa! Kwamfuta ba ta da kunya, duk abin da ka ba ta sai ta fitar maka da lamba. Ni dai al'adata, a shafin farko nake rubuta abu uku da biro: Up, gamma, da ƙarfin da ke danne katanga. In gamma tana kusa da 1, PPT, dabarar Perelomov, Popov da Terent'ev ta 1966, nake ɗauka, duk da wahalar rubuta ta. Wasu malamai ba su yarda da ni a nan ba, ruwansu.

Sai masu kwatanta lissafin ƙarfi ɗaya tak da sakamakon gwaji. Wurin da leza ta tattaru kamar garwashin mai tsire yake, tsakiya na ƙuna, gefe na da ɗumi kawai, kuma na'ura duka take ƙirgawa. Shi ya sa ko atam ɗin tsakiya sun ƙare, adadin na ci gaba da hawa a hankali daga na gefe. Ku tara lissafin a kan duk faɗin wurin kafin ku ce wani ya yi kuskure.

Ƙananan kuwa ba sai na daɗe ba. Watt a kan mita murabba'i daban yake da na santimita, ninki 10,000 ne tsakaninsu. Zagayen haske ɗaya a nanomita 800 famtosakan 2.7 ne (famtosakan ɗaya sakan 10⁻¹⁵ ne), don haka bugun leza mai famtosakan 5 bai cika zagaye biyu ba, kada ku yi masa matsakaici kamar dogon bugu. Dawowar ilaktaron ya bugi uwarsa, wato atam ɗin da ya fito daga ciki, wadda Paul Corkum ya bayyana a 1993, sai da haske mai kaɗawa a layi ɗaya. In mai juyawa ne ilaktaron ɗin kauce wa atam yake yi. Kuma in kuna lissafin fitar ilaktaron biyu daga hiliyom, kada ku ninka ADK sau biyu ku tsaya: gwajin 1994 ya samu adadin da ya ninka wannan hasashen sau da yawa, saboda wannan dawowar ce ke fizge na biyun.