Darasi na Bakwai: Tsirrai da Fitilar Dare

Ganye shi ne madafar tsiro. Da rana yana amfani da haske ya haɗa ruwan da saiwa ta zuƙo da iskar kabon da ke shiga ta wasu ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani, ya samar da sukarin da tsiro yake girma da shi, sannan ya fitar da iskar da muke shaƙa. Mai jin wannan zai iya ɗauka cewa fitilar da ke kwana tana ci kusa da lambu ƙarin abinci ce ga shuka, alhali ba haka abin yake ba. Hasken rana tsaka ya fi na fitilar titi ƙarfi sau dubbai, don haka hasken fitila bai kai ya ciyar da tsiro ba, amma ya isa ya ɓata masa lissafin lokaci.

A shekarar 1920 wasu masana biyu na ma'aikatar noma ta Amurka, Garner da Allard, sun nuna cewa tsawon yini ne yake sanar da taba da waken suya lokacin fure, kuma daga baya aka gane cewa tsawon duhun da ba a katse ba shi ne abin da tsiron yake aunawa. Manomanmu sun san alamar wannan tun kaka da kakanni, domin dawar gargajiya, ko an shuka ta da wuri ko an makara, sai damina ta ja baya dare ya fara tsawo take yin ciki ta fitar da kai. Idan fitila mai ƙarfi tana haskaka gefen gonar waken suya kowane dare, layukan da ke kusa da ita sukan ci gaba da yin ganye shar, su makara wajen fure, a girbe sauran gonar su kuwa ba su nuna ba.

Lamarin okid, wani dangin tsirrai masu kyawawan furanni, ya fi wannan ban sha'awa. Ire-irensa masu kaurin ganye, kamar Phalaenopsis na kudu maso gabashin Asiya da ake sayarwa a tukwane, da kuma banila, suna rufe ƙofofin ganyensu da rana don kada ruwa ya tsere. Sai dare ya yi, iska ta yi sanyi, suke buɗe su, su ɗebi iskar kabon su ajiye ta a matsayin wani ruwa mai tsami, wanda suke sarrafawa ya zama sukari idan gari ya waye. Abarba ma haka take yi. Irin wannan tsiro rabin aikinsa a cikin duhu yake, kuma haske mai ƙarfi da ba ya mutuwa dare da rana yana dagula masa tsarin. Tumatir ba ya cikin wannan rukuni, amma shi ma ganyensa yakan yi rawaya idan aka hana shi duhu gaba ɗaya.

Yanzu da fitilun sola suka yawaita a ƙauyuka da unguwanni, ya kamata mai lambu ya kula. Ku kafa fitila nesa da fangali, ku sunkuyar da kanta ta fuskanci hanya, idan kuma ba za a iya matsar da ita ba, ku sa zana ko kwano tsakaninta da shukar. Tukunyar fure kuwa, ku ɗauke ta daga ƙarƙashin ƙwan barandar da ke kwana a kunne.

Kafin darasi na gaba, kowa ya nemi shuka iri ɗaya guda biyu, ɗaya kusa da fitila ɗaya a inda duhu yake, ya rubuta ranar da kowace ta fara fure.