Raɗaɗin fata bayan barin man sitiroid: inda aka fi yin kuskure

Ƙanwata ta shekara uku tana shafa wani haɗin mai da ake dama mata a kwalba. Da ta daina, ba a yi mako biyu ba fuskarta ta ɗau zafi, ta yi duhu, ta fara saɓa. Abin da ya hana ta barci kuwa wani zugi ne da ke zuwa kwatsam, kamar an caka mata allura an jona da lantarki. Ashe akwai clobetasol a cikin haɗin, sitiroid mai ƙarfin gaske, wato maganin rage kumburi da ƙaiƙayin fata. Shi da betamethasone sun cika mayukan bilicin da na ƙuraje da ake saya a kemis ba takardar likita.

Kuskuren farko namu ne, 'yan gida. Mun ce raki take yi, wata ma ta ce sammu ne. Alhali a 2021 hukumar magunguna ta Birtaniya ta yi gargaɗi a kan wannan lalura. Man yana matse hanyoyin jini, yana kuma sirantar da fata. In an janye shi sai hanyoyin su buɗe fiye da kima, jijiyoyin da ke ƙarƙashi su riƙa jin ko iskar fanka kamar wuta. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, shi ya sa ake ƙaryata mai ciwon.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne komawa ga man da tsakar dare. A shafa, a samu sauƙin kwana biyu, raɗaɗin ya dawo ya fi na da. Amma yanke shi rana ɗaya ma haɗari ne ga wadda ta daɗe tana shafe jiki duka, domin yana ratsawa cikin jini ya sa jiki rage sarrafa nasa sitiroid ɗin. Jiri, amai da kasala mai tsanani bayan an bari, asibiti ake nufa a ranar. Ki ɗauki kwalbar ko kwalin ki kai wa likitan fata, ki faɗi gaskiyar shekarun da kika yi, ba kunya. Shi zai ce a rage a hankali ko a tsayar.

Sai batun ƙwaya. Farasitamol ba ya taɓa zugin jijiya sosai, daga nan sai wani ya ce a gwada taramol. Don Allah kar a fara. Akwai magungunan da aka tanada don irin wannan ciwo, kamar gabapentin da amitriptyline, amma suna sa barci da jiri, kuma likita ne ke auna su.

Ruwan zafi yana daɗi lokacin da yake zuba, bayan nan fata ta biya bashin. Haka lemon tsami, man zafi, sabulun salo da dirza da soso. Ƙanƙara ma ba a ɗora ta tsirara. Mu tsumma mai laushi muke jiƙawa da ruwan randa, mu shimfiɗa mata a kumatu kamar minti 10, ina zaune ina mata fifita daga nesa har numfashinta ya daidaita. Mun sauya mata mayafi zuwa na auduga, ta yanke farce. Basilin ko man kaɗanya, a fara gwadawa a ɗan wuri, don wasu yana ƙara musu ƙuna, musamman da hunturu in fata ta tsattsage.

Kada kuma a ɗora alhakin komai a kan barin mai. Mugunya, ɓawo rawaya, ƙananan ƙuraje masu ruwa da suka fito a tare, ko zazzaɓi, alamar ƙwayar cuta ce ta shiga, kuma in kusa da ido ne ba a jiran gari ya waye.