Sabon zuwa Riyad aikin manhaja: ja kujerarka kusa da masu kaya

Ɗan'uwa, barka da sauka. Iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, ta fito, kwantiragi ya hau Qiwa, shafin gwamnati na harkokin ma'aikata, masauki ya samu. Saura ofis, kuma a nan ne nake so ka ba ni aron kunnenka.

Da yawanmu mun taso a gida da cewa mai haɗa manhaja ɗan ɗaki ne: a miƙo masa takarda, ya toshe kunne, sai ya gama a gan shi. A ofisoshin da ke bin tsarin Ajayil, wannan ɗabi'ar ba ta kai mutum ko'ina. Mutum 17 ne suka rubuta ƙa'idojin tsarin a Amurka a 2001, kuma ɗaya daga cikin ƙa'idojin 12 ta ce masu kasuwanci da masu haɗa manhaja su yi aiki tare kullum, har a gama. Ana yanka aikin zango-zango, galibi mako biyu, da taron tsaye na minti 15 kowace rana, a ƙarshen zango kuma a nuna wa masu kaya, wato masu kasuwancin da ake yi wa aikin, abin da ya samu.

Ga baƙo wannan ƙa'ida ta fi nauyi, domin abin da ba ka sani ba yana wajen masu kayan. Farkon zuwana na yi zango guda ina gina shafin rasit, ban tambayi kowa ba. Ranar nuni akantan kamfanin, wani dattijo, ya ɗaga tabarau ya ce, "Ina lambar QR?" Ashe tun Disamban 2021 hukumar zakka da haraji, ZATCA, ta wajabta ta a rasit ɗin da ake ba mai saye. Tebur uku ne kawai tsakanina da akantan. Da na gaishe shi na tambaya, da mako biyun nan bai salwanta ba. Mai tambaya ba ya ɓata.

Irin waɗannan suna da yawa. Harajin saye kashi 15 ne tun Yulin 2020. Larabci daga dama yake farawa, saboda haka fuskar manhaja dukanta juyawa take yi, har kibiyoyi. Wata takardar kuma da kwanan Hijira take zuwa.

To yaya za ka kusance su? Da gaisuwa, abin da ba a koya wa Bahaushe. Koyi alkunyar mutum, ka kira shi Abu wane. In an miƙo gahawa da dabino, karɓa da dama ka zauna. Buƙatar da ba ta fito a taro ba, sau da yawa a nan take fitowa. Kada kuma kunya ta sa ka amsa duk abin da manaja ya roƙa a bakin ƙofa. Ce masa, "Madalla, mu kai wa mai riƙe da jerin buƙatu a sa shi a layi." Hakan ba raini ba ne, kare alƙawarin 'yan ƙungiyarku ne.

Mako a nan Lahadi yake farawa ya ƙare Alhamis, kuma da azumi doka ta mayar da aikin Musulmi awa 6 a rana. Idan kun zauna tsara zangon Ramadan, rage kayan da za ku ɗauka, kuma ku faɗa wa masu kaya tun kafin a ga wata.